Yadda za a koyar da ɗaliban kasuwanci ƙasaitattun kwamfutoci, ƙirƙirarriyar basira da fasahar kwantum

Ɗalibin kasuwanci ba zai haɗa kwamfuta da hannunsa ba, kuma ba wanda zai ɗauke shi aiki don ya rubuta lissafin kwantum. Amma nan da 'yan shekaru shi ne zai zauna a teburin da ake yanke shawarar kashe kuɗi, dillalin fasaha na gabansa yana ta yi masa romon baka. Abin da kwas ɗin nan ya kamata ya ba shi shi ne iya tambaya: wace matsala wannan abu zai warware, nawa zai ci, me za a rasa idan ya yi kuskure, kuma ya nuna ne ko har yanzu ɗanye ne. A kan waɗannan tambayoyi huɗu za ka gina darussanka. Ga yadda nake ganin ya dace a bi su a zangon karatu mai mako 12 zuwa 14.

Mataki na farko: kada ka raba lokacin daidai wa daida

Ana yawan ambaton fasahohin nan uku a numfashi ɗaya, kamar sa'o'in juna ne, alhali shekarunsu a kasuwa sun sha bamban. Ƙasaitacciyar kwamfuta tsohuwar haja ce. Tun 1976 aka girka Cray-1 a cibiyar bincike ta Los Alamos a Amurka, kuma yau da irinta ake hasashen yanayi, da neman man fetur, da gwajin ƙirar jiragen sama. Ƙirƙirarriyar basira tana cikin wayar kowane ɗalibi da ke gabanka. Kwamfutar kwantum kuwa mafi yawan aikinta har yanzu yana ɗakunan gwaji. Saboda haka ba wa ta farko mako uku, ta biyu mako shida, ta uku mako biyu, sauran ka bar wa aikin ƙarshe. Fara da ƙasaitacciyar kwamfuta, domin a kanta ake horar da manyan tsare-tsaren basirar, kuma da ita ake auna ko kwantum ta yi abin a zo a gani.

Mataki na biyu: ranar farko a yi lissafi, ban da tarihi

Shiga aji ka zana ma'ajiyar kaya ɗaya da shaguna huɗu a allo. Mota ɗaya za ta fita daga ma'ajiya, ta zaga kowane shago sau ɗaya, ta dawo. Ka ce su ƙirga hanyoyin da za ta iya bi, idan zuwa da juyinsa hanya ɗaya ce. Cikin 'yan mintuna za su samu 12. Sai ka ce wuraren, har da ma'ajiyar, sun zama 10: hanyoyi 181,440. Sun zama 20: wajen miliyan 60 sau biliyan ɗaya. Kwamfutar da ke duba hanya biliyan ɗaya a kowace daƙiƙa sai ta yi kusan shekara biyu kafin ta gama da waɗannan. A nan wani zai ɗaga hannu ya ce to a nemo kwamfuta mafi ƙarfi. Ba shi ita. Ka ce ga wadda ke duba hanya biliyan sau biliyan a daƙiƙa, sannan ka mai da wuraren 30. Amsar ta haura shekara 100,000.

Ka bar su su ɗan yi shiru a kan wannan adadi. Kamfanonin kai kaya suna tsara hanyoyin dubban motoci kowace safiya, kuma ba sa gwada kowace hanya. Dabarun lissafi suke amfani da su, waɗanda ke ba da amsa mai kyau ƙwarai ko da ba ita ce mafi kyau a duniya ba. Kamfanin UPS ya daɗe yana haka da tsarinsa mai suna ORION. Ɗalibin da ya ga wannan da idonsa ba zai sake ɗauka cewa ƙarin ƙarfin inji ne maganin kowace matsala ba, kuma za ka yi ta komawa kan motar nan har ƙarshen zango.

Mataki na uku: ƙasaitacciyar kwamfuta a matsayin jari

Abu na farko da za ka gyara a tunaninsu shi ne siffarta. Dubban kwamfutoci ne aka jera a manyan akwatuna, aka haɗa su da wayoyi masu saurin gaske, suna raba aiki ɗaya a tsakaninsu. Ana auna ƙarfinsu da yawan lissafin da suke yi a daƙiƙa. A 2022 Frontier, da ke cibiyar Oak Ridge a jihar Tennessee, ta zama ta farko da aka tabbatar ta haura lissafi biliyan sau biliyan a daƙiƙa ɗaya. Sa ɗalibai su auna wannan da kansu: da mutanen duniya biliyan 8 za su zauna kowa yana lissafi ɗaya a daƙiƙa, ba barci ba hutu, sai sun yi kusan shekara huɗu kafin su cim ma aikinta na daƙiƙa guda.

Buɗe musu jerin TOP500, wanda ake fitarwa tun 1993, sau biyu a shekara, a Yuni da Nuwamba. Kada ka tsaya kan wadda ta zo ta ɗaya. Raba su rukuni-rukuni su duba wace ƙasa ce ke da nawa, wane kamfani ya ƙera, wa ya samar da ƙwaƙwalwar injin, wutar lantarki nawa kowacce ke sha. Za su ga Fugaku ta Japan ta hau kan gaba a 2020, El Capitan ta Amurka ta karɓe daga Frontier a Nuwamban 2024, kuma za su lura da yadda sunayen kamfanoni ƙalilan ke ta maimaituwa. Wannan darasi ne na gasa da dogaro da mai kawo kaya, abin da suka riga suka karanta a wasu kwasa-kwasan.

Daga nan sai dokar Amdahl, wadda Gene Amdahl ya bayyana a 1967. A ganina ita ce abu mafi amfani da manaja zai ɗauka daga wannan sashe. Ko magina dubu ka tara, sai siminti ya sha iska kafin a ɗora bulo a kan tushe. Haka kowane aikin kwamfuta yake da ɓangaren da ba ya rabuwa. Rubuta musu misali: aiki na awa 100, awa 5 daga ciki dole a bi su ɗaya bayan ɗaya. Da inji 10 zai ƙare a awa 14 da rabi. Da 100, kusan awa 6. Da 1,000, awa 5 da minti 6. Sai ka tambaye su ko za su biya hayar ƙarin inji 900 don su rage ƙasa da awa ɗaya. Wasu za su ce a'a. Wani mai kaifin kai zai ce ya danganta: idan banki ne da dole ya gama auna haɗarin jarinsa kafin kasuwa ta buɗe, awa ɗaya tana da daraja. Wannan gardamar ce kake nema.

Sai batun wuta. A ma'aunin 2022 Frontier ta ja wajen megawat 21. Su ninka da awa 8,760 na shekara, su sa farashin wutar da suka ga dama, su ga abin da zai fito kafin a yi maganar albashi da sanyaya ɗaki. Nuna musu LUMI da ke Kajaani a Finland, wadda aka girka a tsohuwar masana'antar takarda, ake kuma ɗumama gidajen garin da zafin da take fitarwa. Rufe sashen da aikin gida na saye ko haya: kamfani ya sayi nasa injina, ko ya yi hayar lokaci ta intanet a wurin irin su Amazon, Microsoft da Google? Su gano da kansu cewa amsar tana rataye ne a kan kashi nawa na lokaci injinan za su kasance cikin aiki.

Idan akwai sauran rana ɗaya, yi gwajin Monte Carlo a Excel. Su ƙirƙiri ƙaramin kasuwanci wanda farashi da yawan ciniki ke canzawa bisa ƙuri'a, su maimaita sau 100, sannan sau 10,000. Za su ga cewa kafin kuskuren hasashe ya ragu sau goma, sai an ninka gwaji sau ɗari. Dalilin da ya sa bankuna da kamfanonin inshora ke cin lokacin kwamfuta mai yawa ke nan.

Mataki na huɗu: ƙirƙirarriyar basira, inda za ka fi daɗewa

Tarihin kada ya wuce rabin awa. An raɗa wa fannin suna a taron Dartmouth na 1956. Deep Blue ta IBM ta doke Garry Kasparov a dara ta ches a 1997. A 2012 tsarin AlexNet ya yi fice a gasar gane hotuna ta ImageNet bayan an horar da shi a kan katin sarrafa hoto (GPU) guda biyu na kamfanin Nvidia, irin na 'yan wasan kwamfuta. Masu bincike na Google sun fitar da ƙirar Transformer a 2017, wadda a kanta aka gina manhajojin hira irin su ChatGPT. ChatGPT ya fito a ƙarshen Nuwamban 2022. Abin da za ka jaddada a wannan jeri shi ne 2012, domin a nan ne sashen da ya gabata ya haɗu da wannan. Dabarun sun daɗe a takarda, abin da ya sauya shi ne yawan bayanai da arhar ƙarfin lissafi.

Sai ka sauko kan asalin abin. Yawancin abin da kamfanoni ke amfani da shi injin hasashe ne: an nuna masa misalai na baya masu yawa, ya koyi alamu, yana hasashen na gaba. Wa zai biya bashi, wa zai daina saye, wane kaya zai ƙare. Ba su bayanan kwastomomi na gwaji, su raba gida biyu, su horar da tsari da kashi ɗaya, su gwada shi da ɗayan da bai taɓa gani ba. Ba sai sun iya rubuta manhaja ba. Akwai irin su Orange da KNIME da ake jan akwatuna a haɗa su da layi. Ka tabbata kowane rukuni ya ga tsarin da ya ci kusan ɗari bisa ɗari a bayanan horo sannan ya faɗi warwas a na gwaji. Daga ranar, duk wanda ya ce musu tsarinsa yana da daidaito kaza, za su tambaye shi a kan waɗanne bayanai aka auna.

Darasin da ba na so a tsallake shi ne na zamba a katin banki. Ka ce a cikin mu'amaloli 100,000, guda 100 ne na zamba. Dillali ya kawo tsarin da ke kama kashi 90 cikin ɗari na 'yan zamba, yana kuma zargin kashi 1 kacal na mutanen kirki. Kafin su taɓa alƙalami, tambaye su: idan tsarin ya yi ƙara a kan wata mu'amala, kashi nawa ne yiwuwar zamba ce da gaske? Akasari za su ce 90, wasu 99. Sai a lissafa tare. Zai kama 90 daga cikin 100 na zamba. Zai kuma zargi 999 daga cikin 99,900 na halal. Ƙararrawa 1,089 ke nan, 90 kawai ke da gaskiya, wato kusan kashi 8. Duba fuskokinsu. Yanzu ka ce su sa kuɗi a kan kowane irin kuskure: nawa ake asara idan ɗan zamba ya wuce, nawa ake asara idan aka toshe katin mutumin kirki yana tsaye a gaban mai karɓar kuɗi, nawa ne albashin waɗanda za su bi ƙararrawa dubu suna kira. Inda za a sa iyakar zargi shawara ce ta kasuwanci, kuma injiniya ba zai yanke musu ita ba.

Bayan haka sai nazarin abubuwan da suka faru da gaske, ɗaya a kowane mako. A 2018 Reuters ta ruwaito cewa Amazon ta yi watsi da wani tsarin tace takardun neman aiki, domin ya koya daga takardun shekaru goma waɗanda yawanci maza ne suka aiko, har ya riƙa rage wa mata maki. A Nuwamban 2021 kamfanin Zillow na Amurka ya rufe sashensa na sayen gidaje bisa hasashen farashi, ya rage darajar gidajen da ke hannunsa da wajen dala miliyan 304 a wata ukun da suka gabata, ya kuma sanar da sallamar kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ma'aikatansa. A Fabrairun 2024 wata kotun ƙananan ƙararraki a British Columbia ta Kanada ta umarci Air Canada ya biya wani fasinja diyya, bayan manhajar hira ta shafin kamfanin ta ba shi bayanin da ba daidai ba kan rangwamen tikitin masu tafiya saboda rasuwa. Kamfanin ya nemi ya ɗora laifin a kan manhajar, kotu ta ce abin da ke shafinka naka ne. A kowane labari su amsa abu biyu a rubuce: wa ya kamata ya hango matsalar, kuma wace tambaya ce da an yi ta da an tsira.

Game da masu rubutu irin su ChatGPT, hana ɗalibai amfani da su ɓata lokaci ne. Gara ka mai da su abin bincike. Kowa ya sa manhajar ta rubuta masa nazarin wata kasuwa mai shafi ɗaya da adadi da majiyoyi, sannan ya bi kowace jimla ya tabbatar, ya sa wa ingantacciya kore, wadda ba a samu tushenta ba ja. Makin yana kan binciken. Ka yi musu bayani a taƙaice cewa tsarin yana hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo baya ne, don haka yana iya ƙaga abu cikin cikakkiyar natsuwa. A 2023 wata kotu a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun shigar da shari'o'in da ba su taɓa wanzuwa ba, waɗanda manhajar ta ƙaga musu. Ƙare sashen da rana ɗaya kan doka: dokar Tarayyar Turai kan wannan fasaha ta fara aiki ranar 1 ga Agustan 2024, tana rarraba amfani bisa girman haɗari, kuma tace masu neman aiki da auna cancantar bashi suna cikin masu haɗari babba.

Mataki na biyar: kwantum, ba tare da kambamawa ba

Hattara da jimlar nan da ta cika intanet, wai kwamfutar kwantum tana gwada dukkan amsoshi a lokaci guda. Idan ɗalibai suka haddace ta, za su ɗauka motar ranar farko ta samu magani, kuma ba haka ba ne. Faɗa musu abin da ya isa: kubit, wato ƙwayar bayani mafi ƙanƙanta a kwamfutar kwantum, na iya kasancewa a haɗin sifili da ɗaya, amma da zarar an auna shi amsa ɗaya tak yake bayarwa. Gwanintar tana wajen tsara lissafin yadda amsoshin banza za su soke juna, mai kyau ta fito fili, kuma matsaloli ƙalilan ne aka san yadda za a yi musu haka. Richard Feynman ya kawo shawarar gina irin wannan kwamfuta a 1981 don kwaikwayon halayyar ƙwayoyin zarra, kuma har yau harhaɗa magunguna da sababbin sinadarai ne inda aka fi sa rai. Peter Shor ya nuna a 1994 yadda za a gano cikin sauri lambobin da aka ninka aka samu wata babbar lamba. Dabarar Lov Grover ta 1996 tana rage bincike a abubuwa miliyan ɗaya zuwa matakai wajen dubu, ragi mai kyau amma ba na mu'ujiza ba.

Gani ya kori ji. Tun 2016 IBM ta buɗe wa jama'a ƙananan kwamfutocinta na kwantum ta intanet, kuma tana da allo da ake jan ƙofofin lissafi a ajiye a kan layi. Su haɗa kubit biyu yadda amsa za ta zama 00 ko 11 kawai, su gudanar sau dubu a manhajar kwaikwayo, sannan a inji na gaske. A na gasken za su ga 'yan 01 da 10 sun ɓullo, abin da bai kamata ya fito ba. Wannan shi ne kuskuren da ya hana fasahar shiga kasuwa sosai, duk da cewa ana sanyaya irin waɗannan injina har kusa da ƙarshen sanyin da zai yiwu, wajen digiri 273 ƙasa da sifili. Kafin a samu kubit ɗaya abin dogaro sai an haɗa masu yawa suna gyara wa juna.

Don koyon karanta sanarwar kamfani, ba su labarin 2019. Google ta ce injinta Sycamore mai kubit 53 ya yi cikin daƙiƙa 200 abin da zai ɗauki ƙasaitacciyar kwamfuta shekara 10,000. IBM ta mayar da martani cewa da kyakkyawan tsari kwana biyu da rabi sun isa. Su tattauna wane irin aiki aka gwada, ko wani kwastoma zai biya kuɗi a yi masa shi, da kuma abin da kowane ɓangare zai samu idan aka yarda da adadinsa.

Wuri ɗaya ne kwantum ta riga ta zama aikin manaja na yau, wato tsaron bayanai. Injin da ya isa gudanar da dabarar Shor a babban mataki zai iya karya makullin RSA da ire-irensa, waɗanda bankuna da shafukan ciniki ke dogaro da su. Babu irin wannan inji tukuna, amma ɓarawo na iya kwashe bayanan da aka kulle yau ya ajiye har ranar da zai iya buɗewa. Shi ya sa hukumar NIST ta Amurka ta fitar da ƙa'idoji uku na sababbin makullai a Agustan 2024. Ba su lissafin masanin kwantum Michele Mosca: shekarun da sirri ke buƙatar ya zauna a rufe, a haɗa da shekarun da sauya makullan kamfani zai ɗauka, idan jimlar ta wuce shekarun da suka rage kafin injin ya samu, an riga an makara. Su gwada shi a kan bayanan asibiti, da sirrin ƙirar kaya, da talla da za ta fita mako mai zuwa.

Mataki na shida: jarrabawa

Rage tambayoyin hadda. Aikin ƙarshe ya zama takarda mai shafi uku zuwa ga hukumar daraktocin wani kamfani na misali, wanda dillali ya kawo masa tayin ɗaya daga cikin fasahohin nan. Ka rubuta tayin da kanka, ka ɓoye tarko biyu ko uku a ciki: adadin daidaito da ba a faɗi inda aka auna shi ba, alkawarin saurin da ya saɓa wa dokar Amdahl, kwangilar da fita daga cikinta ya fi shiga tsada. Rukuni ya ba da shawarar a saya, a yi ƙaramin gwaji, ko a dakata, da lissafinsa a bayyane. Ka faɗa musu tun farko cewa "a dakata" na iya cin cikakken maki idan hujja ta tsaya, don kada su ɗauka sai sun yabi fasaha za su burge ka. Kowane rukuni ya kare takardarsa da baki na minti goma, kuma idan da hali gayyato malami ɗaya daga sashen kwamfuta ya zauna cikin masu tambaya. A irin wannan zama ne ake gane wanda ya fahimci lissafinsa da wanda manhaja ta rubuta masa.

Kafin kowane sabon zango ka sake duba adadin da ke takardunka. Jerin TOP500 yana sauyawa duk wata shida, farashin hayar injina da sunayen manhajoji ma sun fi haka saurin canzawa. Lissafin mota, dokar Amdahl da darasin zamba za su zauna yadda suke, don haka sa su a fayil daban da wanda za ka riƙa sabuntawa.